Me Ya Hana Masana'antu Yada Zango A Zango?

 

Akwai wani mutum da kusan dukkanmu mun taɓa saka shi a labari. Shi ne Alhajin nan mai kamfanoni, mahaifin jarumi ko na jaruma, wanda ake cewa yana da kamfani a Kano, yana da wani a Abuja, ga reshe a Dubai. Mun iya bayyana motarsa da falonsa da irin turaren da yake fesawa. Amma da mai karatu zai tsayar da mu ya ce, "Wai shin me ake yi a kamfanin nan, kuma me ya sa aka gina shi a inda aka gina shi?" da yawancinmu sai mu yi tsuru-tsuru.

Ga mu da muke rubuto wannan daga Zango ta ƙasar Daura, tambayar ta wuce ta labari. Da an gama girbi, samarinmu na 'Yardaje da Rogogo da cikin gari sai su ɗaura 'yan ƙunshinsu su nufi Kano ko Abuja ko Legas cin rani. Masu takardar difloma irinmu kuwa, ko dai a sa ido ga sakatariyar ƙaramar hukuma, ko a buɗe rumfar cajin waya. Duk lokacin da ɗan siyasa ya zo neman ƙuri'a, roƙonmu ɗaya ne: a kawo mana kamfani. Shi ma sai ya yi alkawari, a yi tafi, a watse.

Abin da muke so mu nuna a wannan mako shi ne, tarihin Arewa ya riga ya ba da amsar wannan roƙo tun kafin a haife mu. Masana'anta halinta ɗaya da na fatake. Tana sauka ne inda lissafinta ya fita, kuma idan aka sauke ta a wani wuri bisa dole ko don kara, ba ta daɗewa take yin ƙaura ko ta mutu a tsaye.

Lissafin madugu

Sunan garinmu kalma ce ta fatake. Zango shi ne inda ayari yake sauke kaya ya kwana kafin ya ci gaba da tafiya. Kalmar ta bi Hausawa har Kumasi da Salaga da Ankara ta ƙasar Gana, inda har yau ake kiran unguwanninsu da ita. Madugu ba ya yada zango don wuri ya ba shi sha'awa. Kafin ayari ya iso, jagaba ya riga ya wuce gaba ya duba: akwai ruwa? Akwai abincin jakuna da raƙuma? Akwai mahara a dajin? Nawa sarkin wurin yake karɓa? Akwai kasuwa kusa? Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓaci, sai a canza hanya, garin da aka bari kuma ya fara komawa baya. Ƙasar Daura tana kan hanyar Kano zuwa Damagaram da Agadas, don haka kakanninmu sun san wannan lissafi tun daga kan gishiri da kanwa da dabino.

Masu sana'a ma haka suke. Marina suna haƙa karofi inda akwai ruwa da baba. Maƙera suna bin tama da gawayi, kamar yadda aka yi a gindin Dala tun kafin Kano ta zama birni. Majema suna neman ruwa da bagaruwa da kusanci da mahauta. Ba sarki ne yake nuna musu wuri da sanda ba, sana'ar ce take nuna musu.

Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar nan da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya tarar da masana'antar tufafi wadda kayanta suke kaiwa har Tumbutu da Gat da Tarabulus. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano take fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300 a ƙalla. Babu wani dogon bututun hayaƙi a nan. Audugar manomi ce, da kaɗin mata a cikin gida, da masaƙa a zaure, da marinan Kura da na Ƙofar Mata, da mabuga, da dillalan Kurmi. Abin da ya tara su a ƙasar Kano shi ne yawan jama'a, da zaman lafiya gwargwado, da haɗuwar hanyoyi. A wannan ƙarni ɗin, ƙasar Daura kuwa a rabe take. Bayan jihadi ya ci birnin a 1805, gidan sarautar Haɓe ya fita, daga baya ya kafu a Zango da Baure, ga kuma Damagaram tana danno hannu daga arewa. Wurin da ake yawan ɗaura yaƙi, mai jari ba ya son zuba dukiyarsa a can.

Ranar da dogo ya sauya taswira

Da Turawa suka zo, sun dawo da sarautar Daura hannun gidan Zango, suka naɗa Malam Musa. Amma sun yi abubuwa biyu da suka fi wannan tasiri ga arzikinmu. Na farko, tsakanin 1906 da 1908 Ingila da Faransa suka kafa turakun iyaka, suka raba mu da 'yan uwanmu na Magarya da Matamai. Ƙasar da take tsakiyar hanya sai ta wayi gari ta zama bakin iyaka. Na biyu, a 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano daga kudu. Daga ranar nan arzikin Arewa ya juya wa hamada baya, ya fuskanci teku.

Turawan sun shimfiɗa dogon ne da fatan kwasar auduga zuwa masaƙun Lankasha. Manoman Kano suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi kuma ko ba a saye ta ba ana iya cinta. Daga 1912 gyaɗa ta mamaye kasuwa, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka bunƙasa, har aka zo zamanin dalar gyaɗa.

Sai mu duba inda dogon ya bi da inda bai bi ba. Reshe ɗaya ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929. Wani ya tashi daga Kano ya bi ta Ringim da Malam Madori, ya isa Nguru a 1930. Katsina da Daura suka faɗa tsakanin rassan biyu, babu wanda ya taɓa su. Sakamakon a bayyane yake. Funtuwa, wadda ba ta kama ƙafar Katsina a tarihi da sarauta ba, ita ce ta samu injin gurzar auduga, daga baya ta samu masaƙa da injin matsar man angurya. Gusau ma haka. Gyaɗar Zango kuwa sai a ɗora ta a jaki ko raƙumi, daga baya a mota, a kai ta Kano. Ladar ɓara da matsa da ɗinkin buhu da lodi duk can aka ci ta. Tun lokacin muka zama masu noma wa injin wasu.

Kakuri da Bompai

Masana'antun zamani sun fara kafuwa sosai a Arewa ne a shekarun 1950. A Kano, 'yan kasuwar gari sun haɗa jari sun kafa masaƙa a Gwammaja, Kwarori kuma suka kafa injinan matsar man gyaɗa. Aka ware Bompai don masana'antu, daga baya aka ƙara Sharaɗa da Chalawa. Can aka tara masu jima, da masu alewa, da masu turare, da masu kwanukan sha, da masu takalman roba, da masu harhaɗa kekuna.

A Kaduna kuma, gwamnatin Sardauna ta haɗa hannu da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead and Sons aka kafa masaƙar KTL a Kakuri, ta fara aiki a 1957 tana saƙa akoko. Cikin shekara goma Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya, da jarin mutanen Japan da na Hong Kong a cikin biyun ƙarshe. Me ya sa Kaduna, alhali audugar tana Funtuwa da Malumfashi da Gusau? Domin masaƙa tana shan ruwa mai yawa wajen wanki da rini, ga kogin Kaduna a gefe. Domin a nan layin dogo na Legas da na Fatakwal suke haɗuwa. Domin nan ne hedikwatar gwamnati, inda ake sa hannu a takarda, inda kuma aka fi samun wutar lantarki. Audugar da aka gurje aka ɗaure ba ta da wuyar ɗauka a jirgi, don haka ita ce ta je wurin inji.

Siminti kuwa akasin haka ne. Dutsen da ake yin sa da shi yana da nauyi, kuma idan aka ƙona shi kaso mai yawa na nauyin yana tafiya a iska. Wauta ce a yi dakon dutse zuwa nesa. Shi ya sa injin ne ya je wurin dutsen: Kalambaina a Sakkwato, wanda ya fara aiki a 1967, da Ashaka a ƙasar Gwambe a 1979. Wani masani Bajamushe, Alfred Weber, ya rubuta wannan ƙa'ida a littafi tun 1909, cewa masana'anta tana neman inda kuɗin dakon ɗanyen kaya da na kai kaya kasuwa da ladar ma'aikata za su fi sauƙi idan aka haɗa su. Ya kuma lura da cewa masana'antu suna son zama kusa da juna. Wannan na biyun shi ne ya fi cutar ƙananan garuruwa irin namu. Mai sabon inji zai fi son Sharaɗa ko da fili ya fi tsada, saboda a can ne idan inji ya tsaya da tsakar dare zai samu makaniken da ya san shi, zai samu mai sayar da kayan gyara a Sabon Gari, ga banki, ga direbobin tirela, ga dillalan Kwari da Singa da za su kwashe kaya. Ruwa dai inda yake da zurfi nan yake ƙara taruwa.

Lokacin da siyasa ta zaɓi wuri

Bayan yaƙin basasa kuɗin man fetur ya shigo, gwamnatin tarayya ta ce za ta raba masana'antu yadda kowane sashe zai samu. Aka kafa wuraren harhaɗa motoci guda shida: Peugeot a Kaduna, Fiat a Kano, Steyr a Bauchi, Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Mercedes a Inugu. Manufar ba ta banza ba ce. Ƙasar da ta fito daga yaƙi tana bukatar kowa ya ji ana yi da shi, kuma dubban iyalai sun ci abinci a waɗannan wurare. Sai dai kusan komai na motar daga waje ake kawo shi. Na Peugeot, wanda ya fara aiki a 1975, har ta kai shekaru ana ɗauko sassan motar a jirgin sama daga birnin Liyon na Faransa a sauke a filin jirgin Kano, sannan a kai su Kaduna a mota. Irin wannan tsari yana tafiya ne kawai muddin Naira tana da ƙarfi.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne kamfanin mulmula ƙarfe na Katsina, wanda aka buɗe a 1982 zamanin Shehu Shagari. Kamfanin Kobe Steel na Japan ne ya gina shi, da ƙarfin fitar da tan 210,000 na rodi da waya a shekara. Yana da 'yan uwa biyu, a Jos da Oshogbo. An tsara dukkansu ne su riƙa karɓar curin ƙarfe daga Aladja, kusa da Warri, su mulmula. Daga Aladja zuwa Katsina ya haura kilomita 1,000, kuma babu layin dogo da ya shiga Katsina. Wato ƙarfe, ɗaya daga cikin kaya mafiya nauyi, a tirela zai ratsa ƙasar nan tun daga bakin teku har bakin iyaka. Da Aladja ta fara tangal-tangal, Ajakuta kuma ba a kammala ta ba, sai injinan Katsina suka zauna jiran abinci. A ƙarshe aka sayar da shi ga 'yan kasuwa. Inji mai kyau ne, ma'aikata ma ƙwararru ne. Jagaba ne bai duba hanya ba kafin a sauke ayari.

Yadda ayarin ya watse

Yawancinmu a wannan zaure ba mu ga zamanin da jiniyar masaƙa take tashin Kakuri da asuba ba. Labari muka ji daga dattawan da suka dawo gida da keke da akwatin rediyo da katin aiki. A shekarun 1980 masaƙu ne suka fi kowace irin masana'anta ɗaukar ma'aikata a ƙasar nan. To me ya faru?

A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP, aka karya darajar Naira. Duk mai shigo da kayan gyara da sinadarin rini daga waje sai ya ga kuɗinsa ya narke. Wutar NEPA ta zama sai an ga dama, kowane kamfani ya koma janareto. Masaƙu suna amfani da baƙin mai wajen hura tukunyar tururi, kuma daga matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, suke samunsa. Da matatar ta fara tsayawa, baƙin man ya yi wuya ya yi tsada. A daidai lokacin, masana'antun Legas da Ogun sun samu bututun iskar gas daga Neja Dalta, ga su kuma a bakin tashar jiragen ruwa. Layin dogon da ya ɗaga Kano a 1911 shi ma ya lalace, komai ya koma kan tirela. A taƙaice, duk abubuwan da suka sa aka zaɓi Kakuri da Bompai sun zube ɗaya bayan ɗaya. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta rufe masaƙarta ta Kaduna a 2007, sauran ma suka bi.

Akwai wani ɓangare na labarin da ya kamata mu mutanen bakin iyaka mu faɗa da bakinmu. Atamfa da shadda masu araha na ƙasar Sin, a Kwatano da Lome ake sauke su, a wuce da su Nijar da sunan kayan wucewa, a jibge a sito a Maraɗi da Birnin Ƙonni, sannan su tsallako ta hanyoyin jeji zuwa Kantin Kwari. Hanyoyin nan ta ƙasarmu suka bi. Yaranmu ne suka yi dakon a mota da babur, kuma kuɗin ya gina gidaje ya yi aure a garuruwanmu. Ba mu faɗi haka don zargin kowa ba, wanda ba shi da aiki abin da ya samu shi zai kama. Amma gaskiya ita ce, sana'ar da iyaka ta ba mu ta taimaka wajen kashe wadda take ɗaukar 'yan uwanmu aiki a birni.

Mu marubuta ma abin bai bar mu ba. Ƙasar nan ta gina masana'antun takarda a Jebba da Oku Iboku da Iwopin, dukkansu suka durƙushe, aka koma sayo takarda da dala. Duk wanda ya taɓa zuwa maɗaba'a a Kano ya tambayi kuɗin buga kwafi dubu, ya san ɗaya daga cikin dalilan da suka sa littattafanmu suka ƙaura daga rumfunan Sabon Gari suka koma cikin waya.

Abin da yake tsirowa yanzu

Duk da haka, ba a daina kafa inji a Arewa ba, kuma inda ake kafa su yana tabbatar da tsohon lissafi. Injinan casar shinkafa sun yawaita a kan hanyar Kano zuwa Zariya, musamman wajen Kura, saboda madatsar Tiga da Audu Baƙo ya gina tana shayar da gonakin Kadawa rani da damina. A Kebbi ma sun bi fadamar Argungu da Birnin Kebbi. Simintin Sakkwato ya ƙara faɗaɗa a hannun BUA, domin dutsen yana nan inda Allah Ya ajiye shi. A ƙetaren iyaka, Nijar da kamfanin CNPC na Sin sun buɗe matatar mai ta SORAZ kusa da Damagaram a 2011, mai tace ganga 20,000 a rana, saboda an jawo mata bututu daga rijiyoyin Agadem.

Sai kuma darasi mai ɗaci. A 2018 Najeriya da Nijar sun sa hannu kan yarjejeniyar gina matata a Mashi, maƙwabciyarmu, wadda za ta riƙa tace ɗanyen man Nijar. An yi murna. Amma da aka zo lissafi, Nijar ta shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin, aka fara lodin mai a can a 2024. Takardar yarjejeniya ba ta jan bututu.

Yanzu ga dogo yana zuwa mana, sama da shekara ɗari da goma bayan ya isa Kano. A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil na Fotugal yake ginawa. Zai bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya. Ga jami'ar sufuri da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Daura. Ga bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, mai kilomita 614, wanda aka fara a 2020. A karon farko, ɗaya daga cikin tambayoyin jagaba za ta samu amsa a ƙasarmu.

Amma kada murna ta sa mu manta cewa dogo hanya biyu gare shi. Jirgin da ya kwashi gyaɗa zuwa Legas shi ne ya dawo da yadin Ingila wanda ya kwantar da masaƙan zaure. Idan jirgin Maraɗi ya zo ya same mu yadda muke, riɗinmu da zoɓonmu da wakenmu da dabbobin kasuwar Mai'aduwa za su ƙara saurin fita ɗanyu, kayan waje kuma su ƙara saurin shigowa. Sauran tambayoyin suna nan. Wutar da take zuwa mana daga Kainji da Shiroro take tasowa, ta bi Kaduna ta bi Kano, mu ne a wutsiyar layi. A watan Oktoban 2024, da aka lalata turakun layin Shiroro zuwa Kaduna, akasarin jihohin Arewa sun haura mako cikin duhu. Ita ma iyakar da muke taƙama da ita a matsayin kasuwa, an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023 har zuwa Maris na 2024. Wane mai jari ne zai dasa inji a ƙofar da ake iya garƙamewa da sanarwa ɗaya ta rediyo?

Iyaka ba la'ana ba ce a karan kanta. Shenzhen ta ƙasar Sin ta tashi ne daga 1980 saboda tana maƙwabtaka da Hong Kong. Garuruwan arewacin Meksiko sun cika da masana'antu tun daga 1965 saboda suna bakin Amurka. Abin da ya bambanta su da mu shi ne an ba su wuta da hanya da doka wadda ba ta canzawa da canjin gwamnati.

Saboda haka, a ganinmu roƙon "a kawo mana kamfani" ya kamata ya canza. Mu roƙi abin da kamfani yake bi: tsayayyar wuta, ko da ta hasken rana ce wadda Allah Ya wadata mu da shi, titi mai kyau daga Zango da Baure zuwa tashar jirgin Daura, ruwan madatsun Sabke da Daberam ya kai gona, wurin lodin kaya a tashar, ba ɗakin jiran fasinja kaɗai ba. Mu kuma daina raina ƙaramin inji. Mai sheƙe riɗi ya tsabtace shi kafin a kai Dawanau, da mai matsar man gyaɗa ya fitar da ƙuli-ƙuli, da mai tsince zoɓo ya ɗaure shi a buhu mai suna, da mai gyaran fata kafin ta isa Chalawa, su ne irin waɗanda lissafinsu zai iya fita a nan, domin kayansu yana rage nauyi yana ƙara daraja tun a gida. Kano ɗin da Barth ya gani ma da irinsu ta ginu.

Namu aikin

To ina ruwan marubuci da duk wannan? Ruwansa biyu ne. Na farko, dattawan da suka yi aiki a Kakuri da Bompai da kamfanin ƙarfe na Katsina suna ƙarewa, haka ma waɗanda suka yi awon gyaɗa da waɗanda suka kora jakuna zuwa Kano. Kusan kowace unguwa akwai irinsu zaune a dakali. Mu je mu gaishe su, mu kunna rikodar waya, mu tambaye su nawa ne albashinsu na farko, wane sashe suka yi aiki, yaya aka yi ranar da aka rufe ƙofa, kuma an biya su haƙƙinsu ko ba a biya ba. Idan ba mu rubuta ba, wani ne zai zo daga nesa ya rubuta da harshen da jikokinsu ba za su karanta ba.

Na biyu, idan mun sake saka Alhaji mai kamfani a labari, mu ba kamfanin nan ƙasa ya taka. Mu san me yake sarrafawa, daga ina kayan suke zuwa, nawa yake ƙonawa a man janareto, wa yake saye, kuma me zai same shi ranar da aka rufe iyaka ko dala ta tashi. A nan ne za mu tarar da rikicin da ya fi na kishiya zafi: uban da ya rasa aiki yana da 'ya'ya takwas, ɗan da yake dakon kayan da suka rufe masaƙar ubansa, budurwar da aka ɗaga aurenta saboda an sallami saurayi. Waɗannan labaranmu ne, kuma suna nan birjik ba a taɓa su ba.

Wanda yake da dattijo irin wannan a gidansu ko a unguwarsu, muna roƙon ya kawo mana abin da ya ji daga bakinsa, ko da shafi ɗaya ne, mu tattara. Inda muka yi kuskure kuma a gyara mana, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Allah Ya sa mu dace, Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.